Injin da Aka Kashe Don a Gaida Alhaji

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ƙofar Kware a Sakkwato, ranar wata Asabar, ni da jakata da tabarmata da tsohuwar hular kwanona. Kun dame ni da kira a waya, wai me ya faru a gada, wai me ya sa na dawo ba a gama aiki ba, wai da gaske ne na ci mutuncin babban mutum a gaban jama'a. To ga shi zan rubuta sau ɗaya. Wanda ya karanta ya gane, madalla. Wanda bai gane ba kada ya sake kirana.

Ga wanda bai san ni ba, ni mahaƙin rijiya ne. Aji huɗu na yi a makaranta aka cire ni aka ba ni igiya. Na fi shekara ashirin ina shiga cikin ƙasa, sai masu injin burtsatse suka zo suka kashe mana sana'a, babu ko sannu. Na koma hawa sama, tankin ruwa, dogon gini, kankare tsatsa, shafa fenti. Igiyar dai ce. Da tana saukar da ni ƙasa, yanzu tana rataye ni a sama, kuma har yau ban ga abin da na tara ba sai ciwon baya.

Mai keke ya sauke ni Gidan Igwai don in ɗauki taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tare muka yi haƙar rijiya tun muna samari, in ina ciki shi ke riƙe da igiya, in yana ciki ni ke riƙe. Tun da muka yi wayo bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai bawa, ni ma haka nake kiransa. Na same shi a teburin mai shayi ya cika baki da burodi.

"Bawana, ka makara," in ji shi. "Ɗauko mani jaka, ubangidanka ya gaji."

"Wa ab bawan wani nan? Haɗiye ka taso, ko in bar ka."

Daga nan muka nufi Minanata, inda motar 'yan kwangila ke jiranmu a ƙofar gidan mutumin da aka ɗauka don ya kula da lafiyar ma'aikata. Kirista ne, mutumin Filato, ya daɗe a Sakkwato amma har yanzu Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Sefti kowa ke ce masa. Ranar da na fara ganinsa ban so shi ba. Na ga takarda a hannu, biro a aljihu, na ce ga wani ya zo ya koya mini igiya daga littafi.

Mu goma sha wani abu muka cunkushe a motar, ga kaya a ƙafa, ga gwangwanayen fenti suna buga wa mutum ƙwauri. Muka bi hanyar Bodinga. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri sai ka rantse rijiya aka fara haƙawa aka fasa. Direbanmu kuwa ba ya kauce wa rami, sai ya faɗa ciki sannan ya ce subhanallahi. Shinge kuma ba iyaka, kowane shinge a tsaya, a leƙo, a tambayi ina za mu, kamar igiya da hular kwano ba su isa amsa ba. Bayan Shagari rana ta fito da ƙarfinta. Bazara ce, irin wadda tun da hantsi ƙarfen mota ba ya taɓuwa.

A Tambuwal muka karya kumallo. Masa da miya na ci, kuma dole in faɗa, masar yanzu ta zama abin tausayi. Kuɗin ya hau, ita ta sauka, har ka iya rufe ta da murfin kwalba. Na yi wa mai masar magana ta ce in je in tambayi mai shinkafa. Taubashina ya ce mata ta yi haƙuri, bawansa ne, yunwa ke sa shi surutu. Ta ƙara masa biyu, ni ba ta ƙara mini ko ɗaya ba. Haka yake, ko'ina muka je shi ake so. Gaba kuma sai albasa, buhu kan buhu a bakin hanya, warinta har cikin mota. Fadamu sun yi kore da shinkafar rani, ko'ina ka ji injin ban ruwa yana ƙara. Daga baya muka bar kwalta muka bi wata jar hanya, kafin azahar muka iso.

Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan gadar ba. Mutanen garin ba su yi mana komai ba sai alheri. Mai gari ya ba mu zaure biyu muka zuba tabarmi. Wata dattijuwa ke kawo mana shinkafa da wake da soyayyen kifi, kifin gulbin nan kuwa ko ni da ba na yabon abu na yaba. Gadar doguwa ce, tsohuwa, a kan manyan ginshiƙai na siminti. Gulbin ya ja baya saboda rani, rabi ruwa rabi yashi, mata na wanki, shanu na sha, manyan motoci na wucewa ta sama gadar na rawa a ƙarƙashin ƙafarka.

Kwana uku na farko a rataye muka yi su. Ana ɗaura maka ɗamara a cinya da ƙirji, a maƙala ƙugiya, ka tsallake shingen gada ka sauka ta gefe kana kankare tsatsa a ƙarafan da ke ƙasa. Sefti ya ce igiya biyu kowa zai sa, kowace da inda aka ɗaure ta daban. Na ce masa ni da igiya ɗaya na yi shekara talatin, ga ni tsaye. Bai yi mini gardama ba. Da aka tashi cin abinci ya jawo igiyata ya nuna mini inda bakin siminti ya ci ta, rabin yini kawai, har farin cikinta ya fito. Ya tsaga tsohuwar mesa ya shimfiɗa a bakin simintin, ya ce, "Baba, igiya ɗaya ba ya isa." Na so in gyara masa Hausa, sai na ga gara in rufe bakina. Daga ranar duk safiya ni ke bin igiyoyi da tafin hannu, taku taku, kafin kowa ya sauka.

Abin da ban sani ba sai da na je, ginshiƙan nan ba cike suke ba, kogo ne a ciki. A gefen gada, inda masu ƙafa ke bi, akwai murfin ƙarfe. In ka ɗaga sai ka ga rami ya tafi ƙasa kamar gaba shida, da matakan ƙarfe a jikin bango, duk tsatsa ta ci su. Ni da taubashina muna leƙawa muka kalli juna muka yi dariya. Rijiya ce, sai dai an gina ta a sama. Shi ya sa aka ɗauko mu ashe. Aikin shi ne a shiga a kankare matakan da sauran ƙarafa, a shafa musu wani fenti mai warin bala'i.

Na ce a kawo fitila. Mu a rijiya haka muke yi, a kunna fitila a zura, in ta mutu babu mai shiga, iskar ciki ta ɓaci. Sefti ya kama hannuna ya ce in na zura wuta inda fentin nan yake, ni da murfin za mu tashi tare. Ya fito da wani ɗan akwati kamar waya, ya ce wannan ita ce fitilarsa, tana sansanar iska, in ta ɓaci sai ta yi kuka. Aka kafa ƙarfe mai ƙafa uku a bakin ramin, da ɗan wili a sama inda igiya ke bi. Aka kawo fanka mai doguwar mesa tana tura iska har gindin ramin, janareta ke juya ta. Sefti ya tara mu ya faɗa, ya sake faɗa, har muka gaji. In akwai mutum a ciki ba a kashe fanka. In fanka ta tsaya, na ciki ya fito nan take. Mai riƙe da igiya ba ya barin bakin rami, ba ya amsa waya. In na ciki ya faɗi, kada wanda ya bi shi, a jawo shi da igiya, don iskar da ta kayar da na farko ba ta gaji ba. Wannan na ƙarshe na san shi tun kafin Sefti ya fara gemu. Na taɓa ganin rijiya ɗaya ta ci wa da ƙane a yini ɗaya.

Saboda ƙarar janareta ba a jin magana, sai muka ce za mu yi da igiya irin tamu ta da. Ja ɗaya, lafiya? A amsa da ɗaya, lafiya lau. Ja uku, fito, ko a fitar da ni. Sefti ya ji, ya rubuta a takardarsa, ya ce ya fi abin da ke littafinsa sauƙi.

Sai heluma, shugaban leburori. Ba zan ɓata tawada a kansa da yawa ba. Irin mutanen nan ne da ke fara dariya tun babba bai gama ba da labari ba. A gabanmu zaki, a gaban mai babbar riga sai ka neme shi ka rasa, ya narke.

Rana ta biyar, Laraba, da hantsi, taubashina ne a ciki, ni a baki. Na ɗaura masa ɗamara da hannuna, na maƙala igiya a bayansa, Sefti ya rataya masa akwatin a ƙirji. Yana sauka yana cewa in riƙe da kyau, in ubangida ya faɗi babu mai ciyar da bawa. Sefti ya tsaya ya ga komai daidai, sannan ya tafi can ƙarshen gada wurin masu ratayawa. Taubashina ya kai awa guda a ciki, fenti ya yi nisa, sai ga motoci biyu sun tsaya. Alhaji ne, mai kwangilar, ya zo ganin aiki. Da shi da mutanensa, ga mai gari, ga liman, ga dattawan gari sun biyo su.

Suka tsaya kusa da janareta. Alhaji ya yi sallama ba a ji ba. Ya ɗaga murya ya sake, ya sa hannu a kunne. Sai na ga heluma ya yi tsalle kamar an tsikare shi, ya je ya murɗe makunnin. Tsit. Fanka ta yi ta juyawa a hankali har ta tsaya, mesar ta kwanta.

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin da masu ba da labarina ke tsallakewa. Babu wanda ya ce a kashe injin nan. Alhaji bai ce ba. Kashe shi aka yi don kada babban mutum ya wahala wajen ɗaga murya, don a ji ina kwana da kyau. Kuma mu duka da ke wurin babu wanda abin ya ba mamaki, don haka muka saba. Babba ya shigo shagon walda a kashe inji. Ya shigo wurin niƙa a kashe inji. Ni kaina na sha yi.

Ga kuma nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na ga fanka ta tsaya. Na san doka. Ja uku ya kamata in yi, in buɗe baki in ce a ta da inji. Sai na ja ɗaya. Ya amsa da ɗaya. Shi a can ƙasa ya ɗauka mai ne ya ƙare, yanzu za a zuba, bari ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Ni kuma a sama na ce a raina, bari su gama gaisawa, yanzu za a kunna. Kunya ta kama ni, ni da ake cewa ba ni da ita. Ina jiran a sami ɗan fili a cikin gaisuwa in sa baki.

Kun san gaisuwarmu tana da fili? Ina kwana, lahiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ya hanya, ya gida, ya ɗiya, ya zahi, ya muka ji da aiki. A gama da mai gari a koma kan liman, a gama da liman a koma kan dattijo na farko, shi ma sai ya ji lafiyar gida da ɗiya. Sannan Alhaji ya biyo layin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire hula ya rusuna ya ba da hannu biyu. Ya iso kaina ya miƙo hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannuna na aiki." Ya ɗan tsaya, ya mai da hannunsa. Heluma ya harare ni kamar na zagi uwarsa. Ko a nan ban ce a ta da inji ba. Na buɗe baki ke nan liman ya ce a yi addu'a, Allah ya sa a gama aiki lafiya. Kowa ya ɗaga hannu. Na sake yin shiru. Wa zai katse liman?

Ana tsakiyar addu'a sai aka ji wani ɗan kuka, ƙit ƙit ƙit, siriri, ba ya tsayawa. Mutane suka fara satar kallon juna. Heluma ya ce a hankali, cikin haushi, "Wayar wa ta? A kashe ta, ana addu'a."

Daga cikin rami kukan ke fitowa.

Na ja ɗaya, shiru. Na ja uku, shiru. Sai igiyar ta fizge da ƙarfi ta bi ta tafin hannuna kamar an zuba mini garwashi. Ashe ya ji jiri ya fara hawowa, ya kai rabi hannunsa ya saki. Na danne igiyar, na naɗe ta a damtse, na taka ƙafar ƙarfen, na kurma ihu a tsakiyar addu'ar liman. Na ce a ta da inji, akwai mutum ciki. Babu wanda ya motsa. Hannuwa a sama, baki a buɗe, suna kallona kamar mahaukaci ya shigo masallaci. Wanda ya fi kusa da ni Alhaji ne, tafukansa biyu a buɗe. Na ɗebi wutsiyar igiya na jefa a cikinsu.

"Ja! Ba kallo anka kawo ka ba, ja!"

Na ƙara da wata kalma da ba zan rubuta a nan ba. Na faɗe ta, ban musa ba.

Kuma ya ja. Wannan ma masu labari ba sa faɗa. Mutumin nan da babbar rigarsa ta shadda ya kama igiya ya ja, hularsa ta faɗi, sannan sauran suka farka suka kama. Wani lebura, mutumin kirki, ya zura ƙafa a ramin zai bi shi. Na sa gwiwa na ture shi ya faɗi gefe, hannuna ba su da sarari. Sai ga Sefti a guje. Shi tun daga ƙarshen gada shirun da ya ji ne ya ɗaga masa hankali, ya baro komai ya sheƙo. Ya finciki igiyar janareta, fanka ta tashi, ya zo ya durƙusa a bakin rami yana cewa a hankali, a hankali, kada kansa ya bugi ƙarfe.

Na fitar da mutane daga rijiya ba ɗaya ba, ba biyu ba. Amma ban taɓa ganin abin da ya fi mini muni kamar kan taubashina yana fitowa a langaɓe ba, leɓɓansa sun canza launi, kumfa a baki, akwatin nan a ƙirjinsa yana ta kuka. Sefti ya kwantar da shi ta gefe, ya kwance ɗamara, ya kori mutane su ba shi iska. Yana numfashi, amma da ƙyar. Na kira shi bawa, na kira shi da sunansa, ko motsi.

Alhaji na tsaye yana kallon tafukansa, fatar ta saɓule. Ya ce, "Wa yak kashe inji?" Kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni nic ce a kashe?" Can heluma ya ce, ranka ya daɗe, ƙarar ce ta yi yawa, ya ga ana wahala. Alhaji ya ce a sa marar lafiya a motarsa. A cikinta muka kai shi asibitin garin da ke gaba, kansa a cinyata, sanyin motar na busa mu, ni kuwa ina ta zufa.

Kwana biyu muka yi a asibitin. Aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗaura ruwa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zance ake yi. Aka naɗe mini hannuwa da bandeji, ko cokali ba na iya riƙewa, dattijuwar nan mai shinkafa ta aiko da fura, da ita na rayu. Washegari da hantsi ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kira ni da sunana na yanka, ya ce sannu. Sunana, da ladabi, kamar baƙo. Jama'a, na fi jin tsoron wannan sannun a kan kumfar da na gani a bakinsa. Na tsokane shi, na ce bawa ya kwanta ubangida na jinya, duniya ta lalace. Ya ce, "To." Shi ke nan, to. Likita ya ce kai ne, a ba shi lokaci, wasu suna dawowa daidai, wasu da saura.

Na koma gada ɗaukar kayanmu. Alhaji ya riga ya wuce, an ce ya yi tafiya. Heluma na nan daram a kan aikinsa. Ya tare ni ya ce ba zai iya aiki da wanda ba shi da tarbiyya ba, na ƙi ba babba hannu, na katse addu'a, na zagi mai kwangila a gaban mai gari, sauran ma'aikata za su koya. Na ce to injin fa? Ya ce wannan ƙaddara ce. Kun ji. Shi ya murɗe makunni da yatsunsa, ƙaddara ce. Ni na buɗe baki, rashin tarbiyya ne. Ban roƙe shi ba. Da hannuna lafiya suke ban san abin da zai faru ba, Allah ya taimake shi da bandeji.

Sefti ya raka ni bakin hanya. Ya nuna mini abin da ya yi, ya sa an ƙera ɗan akwatin ƙarfe a kan makunnin janareta, da kwaɗo, mabuɗin kuma a wuyan mai riƙe da igiya. Ya ce ya rubuta komai ya aika sama, ko za a karanta bai sani ba. Ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya yi nisa ba. A duk gadar nan shi kaɗai na ji ya ce da laifinsa. Na ba shi damtse a madadin hannu.

Motar haya muka hau zuwa gida. Taubashina ya jingina da kafaɗata, ido a rufe, in mota ta faɗa rami sai ya dafe kai. Muka wuce albasar nan, muka wuce Tambuwal. Na ce masa ga mai masarka can, ko in kira ta ta ƙara maka biyu? Ya ce a'a, ya gode. Ya gode! Da la'asar muka shigo Sakkwato, na kai shi Gidan Igwai na damƙa wa iyalinsa, na kasa kallon idon matarsa.

Na iso Ƙofar Kware na tarar labari ya riga ni. Wai na zagi Alhaji. Wai na hana a shafa addu'a. Wai dama an san ni, baki ba linzami. Yayana ya kira ni ya ce in shirya mu je mu ba da haƙuri. Na tambaye shi ko an faɗa masa akwai mutum a cikin rami. Ya ce an faɗa, amma duk da haka babba babba ne. Duk wanda ya zo da maganar nan na tambaye shi injin, babu wanda ya ji labarin inji. Zagi ya yi tafiyar awa huɗu ya iso kafin ni, inji ya maƙale a hanya.

To ga abin da tafiyar nan ta koya mini, ku ɗauka ko ku bari. Ba fenti ne ya so kashe taubashina ba, an san mugun fenti ne, an yi masa shiri. Ba igiya ba ce, igiya ta yi aikinta. Ladabi ne, nasu da nawa. Ina jin haushin heluma, amma in na kwanta ba shi nake gani ba, kaina nake gani tsaye da igiya ina jiran a gama ya gida ya ɗiya. Haƙurin da zan bayar ba na Alhaji ba ne. In ma na gan shi, kalma ɗayar nan zan janye, sauran suna nan. Ku masu shiga rami, ko na gada ne, ko tanki, ko kwalbati, ko masai, ku duba wanda kuka bar wa igiya. Kada ku bar wa mai kunya. Wanda ke bakin rami ba shi da hannun gaisuwa, ba shi da babba, ko ubansa ne ya zo ya jira. Kuma in kun ji inji ya yi shiru, kada ku jira fili.

Shekaranjiya na koma duba shi. Babu wuta, zafi kamar a gasa mutum, an kunna masa ɗan janareta a tsakar gida don fanka, saboda zafi na tayar masa da ciwon kan. Yana kwance a tabarma, ina zaune a gefensa. Sai ga kawunmu, babban gidanmu duka, ya zo dubiya da sandarsa. Ya yi sallama ba a ji ba. Ya ɗaga murya. Sai na ga ƙanen taubashina, magidanci da 'ya'yansa, ya miƙe da sauri ya nufi janareta.

Ban san lokacin da na tashi ba. "Bar shi! Wallahi ka taɓa shi sai na karya ma hannu!"

Gida ya yi cirko-cirko. Mata suka leƙo. Kawu ya tsaya da sanda a sama yana kallona, ga alama yana neman kalmar da zai fara da ita. Sai na ji wata 'yar dariya daga tabarma, a shaƙe, da tari a ciki.

"Kawu, ka yi haƙuri da bawana," in ji shi. "Tun da nis saye shi haka nan shike, ba ya jin magana."

Na ce wa ab bawan wani nan. Na fita ƙofar gida na tsaya ina kallon masu keke. A ciki kawu na ta ɗaga murya yana tambayar ya jiki, ana amsa masa da ihu, injin kuma na ta ƙararsa.